Yadda ake magana da masu kula da manhajojin kyauta

Jiya mun daɗe muna hira da 'yan uwa masu harkar Linux kan wannan batu, bari in taƙaita muku abin da na tsinta. Babban abin da kowa ya nanata shi ne yawancin mutanen nan aikin sa kai suke, bayan sun tashi daga wurin aikinsu da dare suke zama su duba saƙonninmu, don haka ka zo da ladabi, kar ka shigo kamar mai bin bashi.

Kafin ka kai ƙorafi ka fara bincika ko wani ya riga ka. Sannan ka faɗi sigar da kake amfani da ita, me ka danna, me ya fito, ka kwafo rubutun kuskuren yadda yake ba hoton allo ba, wallahi "ba ya aiki" kawai ba ta taimakon kowa. Masu Debian, wani nau'in Linux, akwai manhajar kai ƙorafi mai suna reportbug, ita take tattaro bayanan da kanta. Wani ya ƙara da cewa ka gane ko matsalar ta mai haɗa kunshin ce, wato wanda ya shirya manhajar don nau'in Linux ɗinka, ko ta asalin marubutan manhajar, ba ƙofa ɗaya ake ƙwanƙwasawa ba.

Abin da ya fi taɓa ni maganar xz ce a 2024, wata manhajar matse fayiloli, mutum ɗaya ne yake ɗauke da aikin ya gaji, aka yi ta matsa masa har ya ba wani dama, shi kuma wanda aka ba damar ya dasa ɓoyayyiyar ƙofar kutse a ciki. To kar ka matsa musu, in ka kai ƙorafi aka yi shiru ka jira mako biyu kafin ka tuntuɓa, in kana da faci, wato gyaran da ka rubuta wa manhajar, ka turo.