Neman kalma: me za mu kira `<ol>` da Hausa?

Malamar kwamfuta: Assalamu alaikum 'yan'uwa. Darasin HTML, harshen da ake rubuta shafukan intanet da shi, nake fassara wa ɗalibai, gobe da ƙarfe 8 za a kai shi bugu. Na cije a "ordered list", jerin da ake buɗewa da `<ol>`, a sa kowane abu cikin `<li>`, burauza, wato manhajar buɗe shafukan, ta bi su da 1, 2, 3 da kanta. Na rubuta "jerin lambobi", amma raina bai kwanta ba.

Mai gina shafuka: Wa alaikumus salam, Malama. Goge shi, duk wanda ya ji zai zaci lambobin waya ne. "Jeri mai lamba" ya fi, `<ul>` kuma, wanda ke fitowa da ɗigo maimakon lamba, ya zama "jeri mai ɗigo".

Ɗan Damagaram: Wannan ma da gyara. Sa `type="a"` ki ga a, b, c sun fito. Sa `type="I"` ki ga alƙaluman Rumawa. A CSS kuma, mai tsara kamannin shafi, `list-style: none` na ɓoye lambar ɗungurungum, jerin na nan `<ol>` ɗinsa. Abin da alamar ke faɗa shi ne wannan na gaba da wancan, kamar yadda ake jeranta gaɓoɓi a alwala. Ni "jeri bi-da-bi" nake gani.

Dattijo: Ita "lamba" ai aron Turanci ce. Me ya hana "jerin gwano"? Ku dubi gwano in ya ɗauki hanya, kowa na bin sawun na gabansa, babu mai tsallake wani. Hausa tsantsa, amma kullum sai mun je bara.

Mai gina shafuka: Baba, a yi mini aikin gafara, yau in aka ce jerin gwano, gangami ko ayarin motoci ake ji a labarai. "Lamba" kuwa ta daɗe da zama 'yar gida, kamar "littafi" daga Larabci.

Dattijo: Da haka harshe ke zaizayewa. Ku da kuka yi boko ku ne ke jin kunyar kalmominmu.

Ɗan Damagaram: Ba kunya ba ce, Baba. Gwano ba ya farawa daga tsakiya, `<ol>` kuwa yana yi. In an rufe jeri don saka sakin layi, sabon zai koma 1, sai an rubuta `start="4"`. Kuma `start` alƙalami yake karɓa ko da haruffa ake nunawa: 4 tare da `type="a"` zai ba ka d. Ga `reversed` mai ƙirgawa daga babbar lamba zuwa ƙarama. Malama, ki gargaɗe su kada su buga lambar da hannu cikin `<li>`, "1. 1." zai fito. Ƙaramin jeri kuma cikin `<li>` yake shiga, kafin a rufe shi.

Malamar kwamfuta: Na gode. Na sa "jeri bi-da-bi" a kanu, "jeri mai lamba" a bayani, tunda lambar ɗalibi zai fara gani. Saura `<li>`.

Dattijo: Ban gamsu ba, amma bi-da-bi tamu ce, a bar ta. `<li>` kuwa a ce "ɗan jeri".

Mai gina shafuka: In sun kai goma fa, "'ya'yan jeri"? Malama, ki bar shi `<li>` zuwa bugu na gaba.