Shin sarƙaƙiya za ta zauna lafiya da furannin daji a lambun gida?

Uwar Lambu, Zariya:
Assalamu alaikum. Ina da ɗan fili a bayan gida wanda na ware wa tsirran dajinmu kawai, kuma yanzu haka akwai karkashi da gasaya da yaɗiya a ciki, da tushen sabara guda a kusurwar gabas. Ina so in ƙara sarƙaƙiya saboda farin furenta mai ƙamshi wanda ƙudan zuma ke bi, amma maigida yana ganin duk wanda ya shuka ta a gida ya jawo wa kansa wahala. Ta yaya ake tsirar da irinta, kuma za a iya tsare ta a wuri guda ba tare da ta danne sauran ba?

Tsohon Malamin Daji, Katsina:
Wa alaikumus salam, Hajiya. Tsirar da ita ba shi da wuya. Idan damina ta wuce, kwansonta da yake ja tun yana ɗanye zai bushe ya koma ruwan ƙasa, kuma a lokacin ake tsinko shi kafin ya tsage ya zubar da 'ya'yan. Ki zubar da duk ƙwayar da kika ga ƙaramin rami a jikinta, domin ƙwaro ya riga ya cinye cikinta. Ɓawon irin yana da tauri, saboda haka sai a tafasa ruwa, a sauke shi daga wuta, a zuba a kan irin, a bar shi ya kwana. Waɗanda suka kumbura da safe su ake shukawa a leda wajen watan Afrilu, a dasa su idan ruwa ya zauna.

Inda aikin yake shi ne zaɓen wuri. Sarƙaƙiya ba ta nannaɗe abu yadda yaɗiya ke yi, da ƙayarta take hawa. Ƙayar a lanƙwashe take, a warwatse take a jikin reshe ba bisa tsari ba, har a ƙarƙashin ganye ana samunta, kuma duk abin da ta kama sai ta jingina da shi ta ƙara gaba. Idan kika sa ta a tsakiya, cikin 'yan shekaru inuwarta za ta kashe karkashi da gasaya, waɗanda ba sa yi sai da rana sosai. Ki dasa ta a jikin katanga, ki kafa mata dirkoki masu ƙarfi, ki bar taku uku tsakaninta da kunyar furanni, sa'an nan ki riƙa sare duk reshen da ya karkato cikin lambu a ƙarshen kowace kaka. Kada ki cika mata taki, domin a kan marmara da tsakuwa ma takan yi kyau.

Manomi, Maraɗi:
Malam, ban ƙi bayaninka ba, amma ina ganin maigidan Hajiya yana da hujja. A nan wajenmu shinge ake yi da ita domin hana dabbobi shiga gona, kuma kurmin da ta haɗa da geza a daji ko akuya ba ta ratsa shi. Abin da bai kamata a raina ba shi ne rassan da aka sare, domin busasshiyar ƙayar da ta faɗi ƙasa ta fi ta jikin itacen haɗari ga yaron da ke yawo ba takalmi. Macizai kuma suna son irin wannan duhuwar. Idan filin ƙarami ne, gara a haƙura.

Tsohon Malamin Daji, Katsina:
Gaskiya ne, ɗan'uwa, sai dai duhuwa tana samuwa ne idan an bar rassan ƙasa sun kwanta. Tushe ɗaya da aka share gindinsa har tsayin ƙugu ba ya ɓoye komai, kuma rassan da aka sare a ranar ake tattara su a ƙone.

Uwar Lambu, Zariya:
Na gode muku, Allah ya saka da alheri. Katangar arewa ba ta kan hanyar yara, saboda haka a can zan gwada tushe ɗaya. Tambayar da ta rage ita ce ko sabarar da ke kusa za ta jure idan sarƙaƙiyar ta hau kanta, ko kuwa dole ne in raba su tun suna nesa da juna.