Wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da shasha (monita ko talabijin) ta ƙi kawo hoto ko sauti, ya zo mu ji

Abu Hafsa, Madina: Assalamu alaikum jama'a. Na tsinci monita inci 24 a haraj, kasuwar kayan hannu, da araha, sai da na kawo ta ɗaki na ga ba ta da ramin HDMI. Ramuka biyu ne a bayanta, shuɗin nan na VGA da wani fari mai faɗi. Laftof ɗina kuma HDMI kaɗai gare shi. Mai shago ya ba ni wasla, wato wayar haɗi, mai kai biyu daban, hoto ya fito tas, amma sauti ko ƙis, alhali tana da sifika. Waslar ce jabu?

Mai Gyara, Jidda: Wa alaikumus salam Malam. Waslarka lafiya lau. Farin ramin DVI ne, tun 1999 aka fito da shi, kuma hoto kawai aka yi shi ya ɗauka. Da HDMI ya zo a ƙarshen 2002 sai aka ɗora shi a kan irin siginar DVI ɗin aka ƙara masa sauti, shi ya sa waya zalla ke haɗa su ba tare da wata na'ura a tsakani ba. Duba kusa da ramin za ka ga ƙaramin rami irin na iyafis, can za ka kai sauti da wayarsa daban. Kada ka koma shuɗin don wai ya fi sauƙi. VGA analog ne, tsohon salon sigina, in wayar ba ta da kyau rubutu sai ya riƙa yin inuwa, ga ka da karatun littattafai masu wasali.

Ummu Khalil, Makka: Ni tawa ta fi ban haushi. Maigida ya kawo tsohuwar kwamfutar ofis, na ga rami kamar HDMI, na yi ta cusawa har gumi. Ashe wani irin ramin hoto ne daban, DisplayPort, kusurwa ɗaya ce a yanke, shi kuwa HDMI biyu. Muka sayo wasla daga DisplayPort zuwa HDMI, ta yi aiki da talabijin ɗin falo. Bayan wata biyu yarona ya ɗauke ta, ya juya ta, wai zai haɗa laftof ɗinsa mai HDMI da monita mai DisplayPort. Baƙi ƙirin. Ya rantse waslar ta ƙone, muka mayar falo, ga hoto. Kuma Malam Mai Gyara, me ya sa kan DisplayPort ɗin nan ba ya fita sai da kokawa?

Mai Gyara: Hajiya, yana da ƙugiya ne, sai an danne bayansa kafin a ja. Na gyara ramuka da yawa da aka fizge da ƙarfi. Batun yaronki kuma, irin waccan waslar hanya ɗaya take bi, daga kwamfuta zuwa shasha. Ta juyin akwai ta, amma da 'yar na'ura a ciki, tana shan wuta ta USB.

Ɗan Kano, Madina: Irin abin da ya ci riyalina ke nan. Furojakta mai VGA zan haɗa don muraja'a, wato bitar karatu, na ce wa mai shago "VGA HDMI" kawai, ya miƙo min muhawwil, 'yar na'urar juya sigina, na VGA zuwa HDMI. Ni kuwa na HDMI zuwa VGA nake bukata. Kwalayen kamarsu ɗaya, kuma na riga na yage leda. Yanzu kafin na biya sai na karanta wane kai aka rubuta shiga, wane fita.

Baban Sadik, Riyad: Ni hoto ya fito, linzamin ne ke tafiya kamar mai jin barci a talabijin 4K, mai tsabtar hoto sosai. Ashe ramin laftof ɗin HDMI 1.4 ne, a 4K hoto 30 yake bayarwa a daƙiƙa, sai 2.0 ke kai 60. Na sauke tsabtar hoton zuwa 1080, shi ke nan. Na biyu, na ja waya mita 15 ta ƙarƙashin kafet zuwa majalisi, hoto na ɗaukewa yana dawowa da ɗige-ɗige farare. Da na gwada ta mita 2 babu komai.

Abu Hafsa: Jazakumullahu khairan. Na leƙa da tocilan waya, ramin sautin yana nan, kore, ƙura ta toshe shi. Gobe bayan Azahar zan nemo wayar in sha Allah. Malam Mai Gyara, abokin ɗakina na tambaya, ramin USB-C ɗin laftof ɗinsa zai kai hoto?

Mai Gyara: Ba kowanne ba, wani caji da fayil kawai yake yi. Ya turo min lambar samfurin da ke ƙasan laftof ɗin in duba masa.