Neman kalma: dukiyar da amarya ke shiga da ita gidan miji a Ingila

Mai shirin rediyo: Assalamu alaikum. Ranar Asabar zan yi shiri kan littafin Jane Austen na 1813, Pride and Prejudice, amma kalma ɗaya ta tsaya mini, wadda masu sharhi ke cewa dowry. Dukiya ce da iyaye ke ware wa 'yarsu ta tafi da ita gidan miji. 'Yan matan gidan Bennet, iyalin da labarin ya ginu a kansu, su biyar, kowacce fam 1,000 kacal za ta samu, shi ma sai bayan ran uwarsu. Ƙanwar Darcy, attajirin labarin, kuwa fam 30,000 gare ta, shi ya sa wani mayaudari mai suna Wickham ya so guduwa da ita tana 'yar shekara 15. A taimaka kafin Juma'a.

Ɗalibi: Sadaki mana.

Malamar adabi: A'a ƙanena. Sadaki miji ke bayarwa, kuma na mace ne. Wannan daga gidan amarya yake fitowa. A Ingila ta wancan zamani, abin da mace ta shigo da shi yakan koma hannun miji, sai dai in an ƙulla yarjejeniya kafin aure. Sai dokokin 1870 da 1882 suka ba matar aure ikon riƙe dukiyarta.

Hajiya: To gara ko kayan ɗaki.

Malamar adabi: Hajiya, gara ai shinkafa ce da mai da alkaki, a ci ta ƙare. Kayan ɗaki kuma gado da kujeru. Wannan jari ne da ake ajiyewa yana kawo huɗu ko biyar cikin ɗari duk shekara, a ci da iyali har tsufa.

Tsohon ɗan jarida: Na daɗe da warware wannan: sadakin-baibai. Gajere ne, kowa ya ji ya gane an juya abin.

Ustaz: Baba, a yi haƙuri, kada a liƙa wa sadaki baibai. Hakki ne da ya zo a aya ta 4 cikin Suratun Nisa'i. Larabawa na da jihazi, a ara.

Tsohon ɗan jarida: Kullum aro! Hausar da ta raba lefe da toshi da gara ce za ta rasa kalma? Mai sauraro a ƙauye ya san jihazi?

Ustaz: Shi kansa sadakin daga ina muka samo shi?

Ɗan Damagaram: Mu nan Nijar ma rikicin yana nan. Kalmar Faransanci dot asalinta abin da amarya ke kawowa, amma mutane sun mai da ita kuɗin da ango ke biya. Duk kalmar da ta jingina da sadaki haka za ta ƙare.

Mai shirin rediyo: Jama'a, lokaci na tafiya.

Malamar adabi: Ki ce dukiyar rakiya. Amarya ake raka wa da ita. Karon farko ki yi bayani da jimla ɗaya, daga nan ki ci gaba da kalmar.

Hajiya: Ta yi mini, sai dai ba ta nuna miji ke riƙewa ba.

Tsohon ɗan jarida: Ba ta da gishiri. Amma shirinki ne, 'yata.

Mai shirin rediyo: Na ɗauki dukiyar rakiya na wannan makon, batun miji zan faɗe shi a bayani. Saura entail, sharaɗin da ya sa gidan Bennet zai faɗa hannun Collins, ɗan'uwan mahaifinsu, 'yan matan na kallo.

Tsohon ɗan jarida: Ita ma ina da tata. Buɗe sabon zare.