Wace sukwaya mai zamiya ya kamata in saya?

DanKoyo_Kano:
Assalamu alaikum iyayen gida, dan Allah shawara nake nema. Na kusa samun yaye a wajen ogana shine na fara haɗa kayan aikina kaɗan-kaɗan, zarto da guduma da tef duk na samu saura sukwaya. Irin wadda kanta yake zamewa a jikin rula nake so, mai kwanar digiri 90 da 45 da ɗan idon ruwa na duba ko abu ya zauna daidai. Na shiga Sabon Gari na duba sai naga kala-kala, wata kan roba, wata alminiyom, wata kuma mai nauyi sosai, akwai ma mai kai uku a kwali ɗaya amma kuɗinta bai kai na mai nauyin nan mai kai ɗaya ba, to anan kaina ya ɗaure. Aikinmu yawanci wadrob ne da durowa da gado, sai firem ɗin madubi jefi-jefi. Wacce zan ɗauka, kuma ta inci 12 ko ƙaramar?

Mai_Zarto:
Wa alaikumus salam ƙanina, Allah ya sanya albarka a sana'a. Kafin maganar kamfani ko kuɗi, ka tafi kasuwar da guntun MDF ko filawud wanda gefensa ɗaya yankan kamfani ne miƙaƙƙe, da fensir mai tsini. Ka ɗaure notin sukwayar da kyau, ka jingina kan a gefen katakon ka ja layi tun daga gindin rula har ƙarshenta, sannan ka kifa ta, kan ya koma ɗaya ɓangaren, ka sake jan layi daga wajen da na farko ya tashi. In layukan sun hau kan juna to sukwaya ce, in kuwa suka buɗe baki daga sama ka ajiye masa kayarsa ko da wane suna aka rubuta a jiki. Tazarar da zaka gani ninki biyu ce ta karkatar da take da ita, shi yasa ko ƴar kaɗan ce ido zai kama. Kuma kada ka gwada sau ɗaya ka ce shikenan, ka kwance notin ka zame kan zuwa tsakiya ka ɗaure ka sake, ka kai shi ƙarshe ka sake, domin wasu a wuri ɗaya kawai suke daidai.

Kan roba kam ka manta da shi. Na alminiyom yana aiki amma rular ƙarfe ce kullum tana gogar cikin ramin kan, a hankali sai ta cinye ƴan tudun da take zama a kai, daga nan zaka ji tana ɗan girgiza ko ka ɗaure. Mai nauyin nan ƙarfen zubi ne, shi ne mai daɗewa, abin da yake tsoro kawai faɗuwa kan siminti da tsatsar damina, ka dinga goga masa ɗan mai. Sannan ka sa farce ka shafa lambobin rular, in kaji sun nutse a cikin ƙarfen to yayi, in fenti ne kawai aka buga a sama gumi da ƙurar katako zasu share su kana ji kana gani.

Mai kai uku ɗin nan kada yawan kaya ya ja ka. Kai na biyu na auna digiri ne, na uku mai kama da harafin V na nemo tsakiyar abu mai zagaye ne, ƴan walda da masu injin juya ƙarfe su suka fi buƙatarsu, kai mai wadrob sai ka shekara baka taɓa su ba. In kai uku yafi kai ɗaya araha ai kasan wani wuri aka rage.

Baba_Kafinta:
Yaro ni dai ra'ayina daban. Duk abin da yake motsi wata rana zai saki, sukwayar da muka tashi da ita mai ƙafa a kafe babu noti babu sifirin, ita nake sawa a kwanar durowa in duba, kuma kuɗinta kaɗan ne. Ban ce kar ka sayi mai zamiyar ba, amma ka haɗa da kafaffiya ko ƙarama ce, ka rataye ta a bango kada yaran shago su maida ta guduma.

Mai_Zarto:
Gaskiya ne Baba, Allah ya ƙara girma, amma ita ma kafaffiyar sai an mata gwajin kifawar nan, na sha ganin sabuwa fil a leda kuma a karkace. Kuma akwai aikin da ba zata masa ba. Misali zai jera hinjis a ƙofofin wadrob, sai ya saita rular ta leƙo daidai awon da yake so ya ɗaure, kowace ƙofa ya dangwala ya sa alama ba sai ya sake jan tef ba, ko ya sa fensir a bakin rular ya ja kan a gefen katako layi ya fito masa a miƙe, ko ya zura ta ya auna zurfin rami. Ga kuma 45 na firem ɗin madubin da ya faɗa, firem kwana huɗu ne yanka takwas, in kowane yanka ya kauce da rabin digiri to digiri 4 kenan suka taru, kwanar ƙarshe ce zata wangale sai dai ka cika ta da gam da garin katako kuma mai kaya zai gani.

Abokin_Panteka:
Ni a Kaduna nake, bari in ƙara kaɗan. Asalin wannan sukwayar wani Ba'amurke ne Laroy Starrett ya ƙirƙiro ta, ya samu takardar mallaka a 1879, kuma har yau kamfanin Starrett yana garin Athol a Amurka, tasu ita ake misali da ita amma tsadarta ba ta mai fara sana'a bace. Stanley da Ingco da Total su aka fi samu a shagunanmu, sai dai jabu yayi yawa a kasuwa kowane suna ana bugawa, dan haka gwajin da Mai_Zarto ya faɗa shi ne hujja. Ka dinga leƙa masu tsofaffin kayan aiki na gwanjo, wani lokaci zaka tsinci mai kan ƙarfen zubi tayi tsatsa sama-sama, kananzir da sanfefa mai laushi sun isa su dawo da ita. Abin dubawa a ta hannu shine gefen rular kar ya zama ya lotsa ko ya lanƙwashe, sai ɗan ƙugiyar da ke kama ramin rula daga ciki, in ta cinye noti ba zai riƙe ba. Sannan ka nemi mai inci a gefe ɗaya milimita a ɗaya gefen, tunda a ƴan katako da inci ake magana tu-bai-tu tu-bai-fo, amma MDF da hinjis da layin durowa duk da milimita suke zuwa.

DanKoyo_Kano:
Kai na gode sosai iyayen gida, Allah ya saka da alheri, wallahi na ƙaru. Saura maganar tsawo ba wanda ya taɓa, sannan idon ruwan nan ana dogara da shi?

Mai_Zarto:
Ka fara da ta inci 12 wato milimita 300, ita zata ratsa maka faɗin gefen durowa da allon shelf. Ta inci 6 daɗin sa aljihu gareta, in kuɗi sun shigo daga baya ka ƙara. Idon ruwan kuwa na ɗan duba shelf ne kawai, kan gajere ne ba zai gaya maka gaskiyar doguwar wadrob ba, wannan sai babban lebur. Akwai ɗan tsinken ƙarfe da ake sokewa a gindin kan na zana layi, ka tabbata yana nan kafin ka biya dan yana yawan zamewa tun a shago.