Suwic na cibiyar bayanai: wane suna za mu ba shi da Hausa?

1/ Salamu alaikum 'yan'uwa masu aikin sadarwar kwamfuta. A nan Garwa ta Kamaru takardun makaranta suna kiran na'urar nan mai haɗa kwamfutoci "commutateur" da Faransanci, masu sana'a kuma su ce suwic. Idan hira ta koma Hausa sai wasu su ce makunni. Ni dai ban yarda da makunni ba.

2/ Makunni kunna wuta yake yi ya kashe. Wannan akwatin mai ƙofofi 24 ko 48 da ake ɗaurawa a saman kantar manyan kwamfutoci ba ya kunna komai. Yaron da aka koya wa "makunni" zai fara aiki da gurguwar fahimta tun ranar farko.

3/ Mu dubi abin da yake yi tukuna, sunan ya fito daga aikin. Kowace kwamfuta tana da adireshin MAC a katinta na sadarwa, wato lambar shaidarta mai bit 48. Da saƙo ya shigo ta ƙofa ta 7, sai na'urar ta rubuta a jadawalinta cewa mai wannan adireshi yana ƙofa ta 7. Duk saƙon da ya zo da sunansa nan gaba, can kawai za ta miƙa shi, sauran ƙofofi ba su ma san an yi ba. In ba ta san ƙofar wanda aka aiko wa saƙon ba, ta aika ta kowace ƙofa ban da wadda ya shigo. Wanda ya yi shiru na daƙiƙa 300, yawanci sai ta goge sunansa har ya sake magana. A na'urar kamfanin Cisco, buga umarnin show mac address-table, za ka ga sunayen a jere da ƙofofinsu. Hub kuwa, akwatin haɗa kwamfutoci da aka yi amfani da shi a da, mai shela ne, saƙon mutum ɗaya sai duk unguwa ta ji. Wannan bambancin ne ya ɗaga kamfanin Kalpana na Amurka da ya fito da irin na'urar a 1990, har Cisco ya saye shi a 1994.

4/ Wani ɗan'uwa a Marwa ya kawo mararraba. Kalmar ta yi daɗi, amma mararraba wuri ce, matafiyi ne ke zaɓen hanya. A nan na'urar ce mai zaɓe. Mahaɗi kuma kunnen Bahaushe kai tsaye wajen abinci zai kai shi.

5/ Shawarata: masadi, jam'i masadai. Daga "sada", uwar kalmar sadarwa. Idan ka sada mutum da wani, ka kai shi ga wanda yake nema ne, ba ga kowa ba. Ginin kuma namu ne, irin na mabuɗi da mabuɗai.

6/ Na gwada ta a bakin aiki, ta zauna:
"Masadin kanta ta uku ya ɗauke."
"Raba masadin nan gida biyu da VLAN (tsarin raba cibiya ɗaya kashi-kashi), ofishin kuɗi daban, baƙi daban."
"Kada ka jona masadai biyu da waya biyu sai ka tabbatar STP na aiki."
Na ƙarshen nan ku riƙe shi da kyau. In babu STP, wato tsarin hana saƙo kewaya da injiniya Radia Perlman ta ƙirƙiro a 1985, saƙo zai yi ta kewaya yana ninkuwa, fitilun ƙofofi su riƙa ƙyafta a tare, cibiya gaba ɗaya ta tsaya cik.

7/ Na san za a ce ai rauta ma sadarwa yake yi. Gaskiya ne, sai dai shi da adireshin IP, irin na intanet, yake aiki, yana neman hanya tsakanin cibiya da cibiya, sunansa daga "hanya" ya kamata ya fito. Malamanmu na Hausa, ku duba mana ginin kalmar. 'Yan'uwa na Kuseri da Njamena, ku gwada masadi a wurin aiki mako ɗaya, ku gaya mana ko yara sun kama.