Tambaya: ta yaya tantani ke tona asirin bairas idan ya ci kansa?

Ɗalibin Garkuwa: Assalamu alaikum malamai. TLR7, furotin ɗin da ke gane RNA ɗin bairas, a cikin endosom (wata 'yar jaka a cikin tantani) yake zaune, fuskarsa tana kallon ciki. To bairas ɗin da ya riga ya kutsa ruwan tantani yana hayayyafa a can, ta ina TLR7 zai gan shi?

Malama Mai Awo: Wa alaikumus salam. Aikin otofaji ke nan, wato tantani ya ci wani ɓangare na kansa. Wata fata ce mai ruɓi biyu ke tasowa, ta kewaye ɗan yankin ruwan tantanin, ta rufe ruf ta zama jaka, har da RNA ɗin bairas da ya faɗa ciki. Jakar sai ta haɗe da lisosom, jakar da tantani ke narkar da abubuwa a ciki, inda tsami ke kaiwa pH 4.5 zuwa 5. A wannan tsamin TLR7 ke cafke RNA ɗin, tantanin ya saki intaferon-alfa, furotin ɗin yaƙi da bairas. A 2007 ɗakin binciken Akiko Iwasaki a Jami'ar Yale ya nuna haka da bairas VSV a tantanin pDC (wani nau'in tantanin garkuwar jiki) na ɓeraye: waɗanda ba su da Atg5, furotin ɗin da otofaji ke buƙata, sun kasa fitar da intaferon. Bairas da aka kashe da hasken UV kuwa bai motsa ko lafiyayyun pDC ba. Sai mai hayayyafa.

Malam Mai Nazari: Ƙari kan bayanin Malama: wannan hanyar tana kai guntayen furotin ɗin bairas kan MHC II, furotin ɗin da ke baje su a bayan tantani, tantanin garkuwa na CD4 su gani. An nuna haka a 2005 da furotin EBNA1 na bairas Epstein-Barr. Su ma bairas ba su zauna ba: furotin ICP34.5 na bairas HSV-1 yana riƙe Beclin 1, furotin ɗin da ke tayar da otofaji, furotin M2 na bairas ɗin mura kuwa yana hana jakar haɗewa da lisosom.

Malama Mai Awo: Nan ne masu gwaji ke tuntuɓe, ɗana. Ka ga LC3-II, furotin ɗin da ke manne a jikin jakar otofaji, ya yi kauri a gwajin furotin na Western blot, kada ka yi saurin cewa otofaji ya ƙaru. Wataƙila hanyar ce ta toshe, jakunkuna suka taru. Raba samfurin biyu, ka sa wa ɗaya bafilomycin A1, maganin da ke hana lisosom narkar da jakunkunan, kamar 100 nM na awa 2 zuwa 4. Idan LC3-II ya ƙara hawa, hanya a buɗe take. Idan bai motsa ba kuma p62, furotin ɗin da otofaji ke narkarwa, na taruwa, a toshe take. Sai dai fa bafilomycin da makamancinsa kulorokwin suna kashe tsamin da TLR7 kansa ke buƙata, don haka faɗuwar intaferon bayan su ba hujja ba ce. Hujja sai ka cire Atg5.